Yadi Goma na Umara Tela

A shagon Umara tela da ke Hausari akwai wata ƙusa a bangon hagu wadda ba a rataya ɗinkin kowa a kanta, ko da ana gobe Sallah. Abin da ke zama a kanta wani dogon ƙyallen akoko ne, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, an naɗe shi kamar rawani. A da tsawonsa yadi goma ne cif. Na yi shekaru ina kai ɗinki shagon nan ban taɓa tambayar amfaninsa ba. Yanzu na sani, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Umara Kanuri ne, haifaffen Dusuman, shekararsa hamsin da huɗu. Gajere ne, siriri, ba ya rabuwa da tef a wuya, har masallaci. Idan ka miƙa masa yadi, kafin ya warware zai faɗa maka tsawonsa, kuma ban taɓa jin ya kuskure ba. Duk da haka sai ya auna, ya sake aunawa. Mutumin da ya yi shekara goma yana yi wa ɗinki ma sai ya tsayar da shi ya auna kafaɗarsa sau biyu. Idan ka yi ƙorafi ya ce, "Ido yana faɗa ne, Malam, tef ne ke rantsuwa. Yadin da almakashi ya shiga ba ya komawa."

Wannan taka-tsantsan yana da asali. A shekarar 2014 shi da yayansa Ba'ana suke noma gonar mahaifinsu a Dusuman, yana kuma ɗinki a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Da hankali ya tashi a yankin, gero ya kusa isa girbi. Umara ya ɗora keken ɗinkinsa da iyalinsa a amalanke ya shigo gari. Ba'ana ya ce zai tsaya kwana goma kawai ya yi girbi ya biyo su. Ba a sake ganinsa ba. Daga baya mutane sun koma gonakinsu, kuma tafiyar ba ta kai awa ɗaya a keke mai ƙafa uku ba, amma Umara bai sake taka wurin ba. Yana da wata magana da yake yawan maimaitawa: "Wanda ya bar fili da ransa, wata rana zai dawo."

Wasan da ake aunawa da ƙyallen nan ya same shi ne a shagonsa, wata azahar a 2017. Wani ma'aikacin jinya mai suna Ishmael, ɗan Biu, wanda ya yi karatu a Amurka ya dawo aiki da wata ƙungiyar agaji, ya kawo wando a rage masa tsawo. Yana zaune yana jira yana kallon wani abu a waya. Umara ya leƙa.

"Waɗannan ƙattin, a kan me suke dambe?"

"A kan yadi goma, Baba."

Umara ya ɗauke ƙafa daga kan keke. "Yadi? Irin namu?"

"Irin naku."

"Ai babbar riga da jamfa da wando ke nan," in ji Umara. "Matso in gani."

Wandon bai samu ba sai washegari.

Ga wanda bai san ƙwallon Amurka ba, ƙa'idar da ta shafe mu gajeriya ce. Ƙwallon mai tsini biyu ne, da hannu ake ɗaukarsa ko a jefa shi. Ƙungiyar da ke riƙe da shi tana da yunƙuri huɗu ta ci yadi goma zuwa gaba. Idan ta ci, a sake ba ta wasu huɗun, har ta kai ƙarshen fili ta sami maki. Idan yunƙuri uku suka wuce ba a cika goman ba, koci yana da zaɓi biyu a na huɗu. Ko dai ya sa a doka ƙwallon da ƙafa can nesa, a bar wa abokan karawa su faro daga baya, ko kuma ya ce a sake gwadawa. Idan an gwada an ci, ƙwallo ya zauna a hannu. Idan an kasa, abokan karawa su karɓe shi nan inda ya tsaya, kusa da gidanka. Yaran Umara suna kiran na farkon bugun sallama. Na biyun kuwa kalma biyu ce: a shiga.

Ishmael ya bar masa ƙwallo ɗaya. Babu hular kwano, babu kuɗin sayenta, don haka suka ɗauki irin wasan da ba a kayar da mutum: kowa ya soke ƙyalle biyu a ƙugu, idan aka fizge na mai ƙwallo, nan wasa ya tsaya. Umara ya ɗinka ƙyallayen daga guntayen atamfa. A can ƙasar, da sarƙa ake auna yadi goman. Shi ya yanko akoko sabo daga bandir, ya auna sau biyu, ya kalmashe bakinsa, ya ɗaura sanda a kowane gefe. Ya kafa doka cewa kada kowa ya taɓa shi sai ranar wasa.

Fili kuma wata shugabar makarantar sakandare a Dala, Hajiya Zainaba, ta ba shi aron na bayan azuzuwa duk safiyar Asabar. 'Yan unguwa suka riƙa tsokanar yaran da suna Almakashi, sunan kuma ya bi su. Babbar wahalarsa a farko ita ce duk yaron Maiduguri da tamaula ya tashi. Da ƙwallo ya faɗi ƙasa, maimakon a faɗa a kansa, sai wani ya sa masa ƙafa. Umara ya yi wata uku yana zagaya fili da ƙwallo a rungume yana cewa, "Jariri ne wannan! Wa ya taɓa ganin an shuri jariri?"

Amma a yunƙuri na huɗu, shi da kansa yake sa a shure shi. Shekara takwas yana koci, da ɗaliban jami'a suka kara, da yaran bariki, da junansu, bai taɓa cewa a shiga ba. Ko taku ɗaya ya rage, sai ya ɗaga hannu ya ce sallama.

Mai yin bugun nan ɗana ne. Sunansa Mahfuz. Shi ne ɗan farina, kuma mu asalinmu Kanawa ne, don haka ban taɓa kiran wannan suna da bakina ba yana raye. A rubuce ya fi sauƙi. Kunyar nan ce kuma ta hana ni zuwa kallonsa, shekara biyar yana wasa. An ce idan ya doka ƙwallo yakan daɗe a sama har masu jira su gaji da ɗaga kai. Ban gani ba. Abin da zan faɗa game da shi a filin wasa, daga bakin Umara da na Habib, kyaftin ɗin ƙungiyar, na ji shi.

Ni malamin lissafi ne, yaron kuma ya ɗauko. Yana da wani littafi mai bangon ruwan toka da yake rubuta duk abin da ya faru a wasa. Daga ciki ya gano cewa a cikin shekara huɗu, sau arba'in da shida Almakashi suka buƙaci yadi ɗaya ko ƙasa da haka a yunƙuri na biyu ko na uku, kuma sau talatin da biyar suka ci. Uku cikin huɗu ke nan, da ɗan ɗoriya. Bugunsa kuwa yadi ashirin da biyar yake saya musu, abokan karawa kuma sukan maido da shi cikin 'yan mintoci. Saboda haka mai bugun sallama ya zama shi ne babban mai adawa da bugun sallama.

"Baba, lissafi ya ce a shiga."

"Farfesa, shi lissafin nan yana da 'ya'ya?"

"A'a, Baba."

"Ya taɓa tura amalanke daga Dusuman?"

"Bai taɓa ba."

"To je ka buga. Kai ne mutum na farko da na ga yana roƙo a kore shi daga aikinsa."

Sai ya je ya buga, ya dawo ya rubuta a littafi. Habib ya ce kusan kowace Asabar sai an yi wannan, har yara suka haddace, suna amsa wa Umara kafin ya tambaya.

A watan Fabrairun 2025 Hajiya Zainaba ta kira Umara ofishinta. Kwamitin makaranta yana so a mayar da safiyar Asabar ga 'yan tamaula, waɗanda ke kawo kofi. Ta yi iya ƙoƙarinta ta samo sharaɗi ɗaya. A ƙarshen Afrilu wata ƙungiya daga Jos za ta zo, wanda ya ci shi zai shiga gasar Arewa. Idan Almakashi suka ci, tana da abin faɗa wa kwamiti, fili ya zauna. Idan aka cinye su, fili ya tafi. A cikin gari babu wani filin da ba shi da masu shi. Umara ya ce ya yarda.

Mako ɗaya bayan ƙaramar Sallah, cikin tsananin zafi, sanƙarau ya kama yaron. Kwana uku ya yi. Shekararsa goma sha tara, yana ajin farko a jami'a. Da safen da ya cika, na aika a sayo yadin likkafani, ɗan aiken bai kai bakin titi ba ya haɗu da Umara ɗauke da shi a ɗinke. Daga baya ya ce mini shi ne ɗinki ɗaya a rayuwarsa da ya yanka bai auna ba.

Ana sauran kwana biyar wasa ya zo gidana bayan la'asar. Muka zauna a tabarma a zaure. Ya sake yi mini gaisuwa, ya daɗe yana murza bakin tef ɗinsa.

"Malam, roƙo na zo yi. Yaran sun ƙi tsayawa a wurin yaronka na bugu. Sun ce sai an yi arba'in."

"Ai babu hani a kan wannan."

"Na kai su wurin liman, ya faɗa musu haka. Sun ce su ma sun san ba haramun ba ne, nauyi suke ji. A cikinsu Hashim yana da ƙafa, amma ya ce sai dai in kore shi. Idan kai ka zo ka yi magana, za su ji."

Na ce zan zo. Sannan na shiga ciki na ɗauko littafin, domin a shafin farko an rubuta: Na Baba Umara, ranar da ya yarda ya karanta. Umara bai yi boko ba, amma lamba ba ta ɓace masa. Na bi da shi shafi-shafi. Ya sa yatsa a kan arba'in da shida, ya sa a kan talatin da biyar.

"Uku cikin huɗu, ka ce. To ɗayan fa?"

"Ɗayan faɗuwa ce, Ba Umara. Lissafi bai ɓoye ta ba."

"To," in ji shi. Ya sa littafin a aljihun jamfarsa ya yi sallama.

Ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe na tsaya a gaban yara goma sha takwas masu ƙyallen atamfa a ƙugu. Na ce musu na gode da karar da suka yi mana, kuma na yafe wa Hashim ya tsaya a wurin. Hashim ya sunkuyar da kai ya ce to.

Mutane sun taru fiye da yadda na zata, direbobin keke sun jera kekunansu a inuwar katanga suna zaune a kan rufi. Ishmael ne alƙalin wasa. 'Yan Jos sun fi namu girma, kocinsu mace ce mai suna Peace, doguwa, muryarta tana kaiwa har titi. Malaman makarantar biyu ne ke riƙe da sandunan ƙyallen awo, kuma bisa ƙa'idar wasan a gefen baƙi suke tsayawa, can tsallaken fili daga inda Umara yake. Na lura ƙyallen fari ne tas yana ƙyalli a rana. Ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Umara ya sa rai zafin Maiduguri zai narkar da mutanen dutse. Kafin hutun rabin lokaci kamar haka za a yi, muna da ashirin suna da shida. Amma sun zo da ƙanƙara a kula da 'yan canji da yawa, kuma bayan hutu suka gano cewa a cikin yaranmu babu mai tsawon wani ɗan wasansu. Suka riƙa jefa masa ƙwallo ta sama. Sau uku Umara ya ce sallama, sau uku Hashim ya buga, bugun tsoro, gajere. Biyu daga ciki 'yan Jos suka dawo da shi har gida. Ashirin da sha takwas.

Saura minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. Ƙwallo a hannunmu, yadi talatin da biyar daga gidanmu, yunƙuri na huɗu. Abin da ya rage zuwa sandar gaba bai kai yadi ba. Ko ni da na fara kallo a ranar na gane abin da ke gabanmu. Idan aka shiga aka ci, za mu riƙe ƙwallo har lokaci ya ƙare. Idan aka kasa, an miƙa musu shi a bakin ƙofa. Idan aka buga, an tura su baya, amma an ba dogon nan minti ɗaya da rabi.

Hashim ya riga ya fara tafiya wurin bugu, domin shekara takwas babu wanda ya taɓa jiran amsa. Habib ya juyo don cika al'ada kawai.

"Baba, sallama?"

Ina tsaye taku biyu daga Umara. Hannunsa na dama yana kan aljihun jamfa. Bai dubi fili ba, ƙasa yake kallo, leɓensa yana motsi. Na ga gumi yana bin tef ɗin yana ɗiga. Mutumin da ba ya sa almakashi a yadin naira dubu biyu sai ya auna sau biyu, ga shi da aikin shekara takwas a shimfiɗe a gabansa.

"A shiga," ya ce.

Babu wanda ya motsa. Ya maimaita da Kanuri, da ƙarfi.

"Wallahi Baba ba shi da lafiya," in ji Habib, yana dariya, idonsa cike da hawaye. Ya juya ya daka wa sauran tsawa. "Kun ji ai! Farfesa ya ci gardama! Ku jeru!"

Direbobin keke suka miƙe tsaye a kan rufi. A tsallake Peace tana ihu tana tura mutanenta tsakiya. Aka miƙa wa Habib ƙwallo, ya rungume shi kamar yadda aka koya masa, ya sunkuya ya kutsa tsakanin mutum biyu. Ƙura ta tashi. Da ta lafa, wani ɗan Jos yana ɗage da ƙyallen atamfa a sama. Ishmael ya ajiye ƙwallo inda aka fizge, ya duba, ya kasa yanke hukunci da ido. Ya yafito masu awo.

Suka shigo da sandunan. Ɗaya ya kafa tasa inda aka faro, ɗayan ya ja ƙyallen har ya miƙe. Tsinin ƙwallon ya wuce sandar da kamar yatsa uku.

Ban taɓa jin ihu irin wannan ba. Yara suna birgima a ƙasa, ana ta danna hon. Ni ma, in faɗi gaskiya, na ji hannuna a sama ban san lokacin da na ɗaga shi ba.

Umara ya taka zuwa tsakiyar fili a hankali. Bai dubi ƙwallon ba. Ƙyallen yake kallo, daga wannan sanda zuwa waccan. Ya kama bakinsa ya murza, ya kai hanci.

"Wa ya wanke wannan?"

Habib ya matso yana haki. "Mu ne, Baba, jiya. Ya yi dauɗa da yawa, ga baƙi za su zo. Har bula muka sa, muka goge."

"Akoko ne," in ji Umara. "Tun da na yanko shi bai taɓa ganin ruwa ba." Ya cire tef daga wuyansa.

Sai a lokacin na gane. Duk tela ya san akoko yana shan ruwa ya tsuke a wankin farko. Yaran sun so su fita kunyar baƙi ne, suka rage wa yadi goma tsawo.

Ishmael ya rage murya. "Baba, da shi aka yi wa kowa awo tun safe."

Peace ta iso, aka yi mata bayani. Ta dubi yaranmu, ta dubi Umara. "Baba, bar shi kawai. Mu ma da shi aka auna mana. Ba mu yi ƙara ba."

"Na safe ban gani ba, 'yata. Wannan na gani."

"Baba, don Allah," in ji Habib. "Fili fa. Baba, don darajar Farfesa."

Umara ya dube shi. "Shi da ya rubuta sha ɗayan da muka faɗi bai goge ko ɗaya ba?"

Ya durƙusa a gindin sandar farko. Tef ɗin tela inci sittin ne, yadi goma kuwa inci ɗari uku da sittin, don haka shimfiɗa shida ake bukata. Ya shimfiɗa, ya danna babban yatsa a yashi, ya ja gwiwa gaba, ya sake shimfiɗawa. Mutum wajen ɗari uku suna tsaye a rana, babu abin da ake ji sai motsin gwiwarsa a ƙasa. Da ya kai ta shida ya ja layi. Sannan ya tashi ya koma farko ya sake, kamar yadda yake yi wa kowace kafaɗa. Layi na biyu ya faɗa a kan na farko.

"Malam," ya kira ni. "Kai ne mai lissafi. Zo ka faɗa musu."

Na je na tsuguna. Ƙyallen ya gaza da inci biyar. Ƙwallon ya wuce sanda da inci biyu. Na so ƙwarai a ce lambar wata ce daban.

"Saura inci uku," na ce.

Ishmael ya daɗe da usur a baki bai busa ba. Daga bisani ya ce ƙa'ida yadi goma ta ce, ba ƙyalle ba, ya nuna hannu wajen gidanmu, ƙwallo ya koma hannun 'yan Jos. A jifa ta uku dogon ya cafke ƙwallo a ƙarshen fili. Ashirin da huɗu da ashirin.

Da aka tashi, Peace ta zo gaban Umara ta rusuna har ƙasa kamar yadda ake gaida suruki, ta tafi. Hajiya Zainaba ta tsaya da laimarta.

"Ba Umara, da ka yi shiru wa zai sani?"

"Ni, Hajiya."

"Bari in koma wa kwamiti. In gaya musu abin da na gani."

"Mun riga mun yi magana. Kada ki zubar da girmanki a kaina. Allah ya saka da alheri, shekara takwas ba kwana takwas ba ce."

Fili ya tafi. Ba kowa ne ya yaba masa ba. A Hausari an yi mako ana cewa tela ya ɗinke bakin jakarsa da kansa. Yara huɗu ba su sake dawowa ba har yau. Habib ya yi kwana goma sha biyu ba ya bi ta ƙofar shagon, sai wata safiya ya shigo ya zauna a benci ya fara cire ragowar zare daga wata riga ba tare da an sa shi ba, Umara kuma bai ɗaga kai daga keke ba.

Na tambaye shi ko yana nadama.

"Ta yankan ko ta awon?"

"Duka biyu."

"Awon ba zaɓi ba ne, Malam. Yankan kuwa, yaronka ya yi gaskiya. A cikin ɗayan nan na faɗa. Da na buga, da dogon nan ya cinye mu ta wata hanyar, ina nan ina cewa na yi hankali." Ya gyara zaren allura. "Abin da ya ba ni mamaki, na shiga, na faɗi, kuma ga ni zaune."

Washegarin sadakar arba'in ya aiko a ce in shirya, zan raka shi wani wuri. Muka hau keke mu uku da Habib. Sai da muka bar gari na gane inda muka nufa. A Dusuman ya sa aka tsaya kusa da wata darbejiya, muka sauka. Gonar ta cika da sabara da ƙaya, wani maƙwabci yana shuka gefe ɗaya. Daga can tsakiya akwai da'irar ƙasa, gindin rumbun da ya rushe.

Umara ya tsaya a bakin gonar. Na duba agogo ba da niyya ba, don haka na san minti shida ya yi. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a da Kanuri, na ji sunan Ba'ana a ciki sau biyu, muka shafa. Sannan ya buɗe jakarsa ya fito da sabon ƙyalle da sanduna biyu.

"Wannan sai da na jiƙa shi ya bushe kafin na yanka," ya ce. Ya miƙa wa Habib sanda ɗaya, ya miƙa mini ɗaya. "Malam, kafa a nan. Kai kuma ja. Ja sosai, ba tsohuwa kake tsallakar wa titi ba."

Ya sa ƙafa a cikin gonar ya bi bayan Habib. Muka auna goma sau goma, da ƙarin goma a kowane ƙarshe. Ya ce a sake.

Yanzu rabin gonar gero ne, rabi fili. Duk Asabar keke uku ke kwasar yara daga Hausari da Dala, 'yan Dusuman bakwai kuma sun shiga, suna kan matakin shurin jariri. Tsohon ƙyallen yana kan ƙusarsa a shago, fari, ba a amfani da shi, ba a kuma yar da shi ba. Umara bai daina bugun sallama ba. Idan yadi biyar ya rage, yana ɗaga hannu kamar da, Hashim ya buga, ƙafarsa ma ta saki. Amma idan abin bai kai yadi ba, sai ya dafa aljihu, yara su jira.

Littafin ba ya cikin aljihun. Ya maido mini da shi, ya ce akwai sauran shafuka kuma shi ba ya rubutu. Ina zama a ƙarƙashin darbejiyar da biro. Daga ranar da muka auna gonar zuwa Asabar da ta wuce, sau tara ya ce a shiga. An ci bakwai.